Ƙwaya ɗaya da babu a tsumman Inna

Daren jiya can wajen asuba na yi wani mafarki da ya hana ni karyawa. Ba na cikin masu ba da labarin mafarki. Tun da muka baro gari, idan na farka ba na tuna abin da na gani, kuma hakan ya fi min. Wannan kam ya ƙi tafiya. Shi ya sa na kawo shi nan zauren 'yan garinmu na waya, ko akwai wanda Allah Ya ba ilimin fassara.

Bari na fara da abin da ke ƙasa, saboda matan da aka auro bayan mun watse da duk wanda bai san ni ba. Ni ne Sale mai hoto, ɗan Inna Kande, ƙanen Lawali. Shekara shida ke nan da 'yan bindiga suka ƙone mana rumbuna, kowa ya kama gabansa. Na shigo birni da riga ɗaya. Na yi dako, na tura ruwa, daga baya na koyi ɗaukar hoton fasfo a bakin tasha. Ban yi boko ba. Rubutun nan ma a sansanin 'yan gudun hijira na koye shi, da girmana. Kwamfutar da nake aiki da ita 'yar gwanjo ce, kuma ba na karanta abin da take faɗa da Turanci. 'Yan jakunkunan nan masu ruwan ɗorawa da ke cikinta na sani, na san wacce ke ɗauke da me.

Gonakinmu ba su da takarda, kowa ya san haka. Iyaka tana kan layin gamba da cikin kan tsofaffi. Gamba shanu sun cinye ta, daji ya rufe wurin. Tsofaffi kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ranar da za a ce mu koma, idan babu mai cewa daga nan zuwa nan gonar wane ce, abin da 'yan bindiga ba su yi mana ba mu za mu yi wa kanmu da fartanya. Shi ya sa shekara biyu baya na ɗauki waya na bi tsofaffinmu duk inda suka faɗa. Na zaunar da kowa ya faɗi abin da ya sani: daga kuka zuwa suri, daga burtali zuwa bakin fadama, wa ya gada, wa aka ara wa. Mutum goma sha ɗaya na ɗauka. Biyar sun rasu. Na juye muryoyin a kwamfuta saboda waya ta cika, wayar kuma aka zare min ita a mota. Babu inda muryoyin nan suke a duniya sai cikin kwamfutar nan.

Makon jiya ta fara wata ƙara daga ciki, ƙas, ƙas, ƙas, sai ta ɗauke. Na kai ta wajen Habu mai gyara. Ya kara kunnensa, ya ce abin da ke riƙe ajiya a cikinta ne ke mutuwa, kuma irin wannan ba a gyara shi, kwashewa ake yi. Na sayi filash, na ja jakar muryoyin na zuba a ciki da hannuna. Don kada ya ɓata, na sa zaren buhu na ɗaure shi a jikin jakar kwamfutar. Da Habu ya gani sai ya yi ta dariya, ya ce, "Malam Sale, laya ka yi mata?" Ya ce in raba shi da jakar, in kuma gwada filash ɗin a wata kwamfutar in ji ko ya ɗauka. Ya ƙara da cewa kada in riƙa kunna tawa, duk kunnawa tana iya zama ta ƙarshe. Na ce to. Ban raba ba, ban gwada ba. Na ce ai na kwafa.

To ga mafarkin.

Na gan ni a rumfata ta bakin tasha, amma babu mota ko ɗaya, babu 'yan kamasho. Kwamfuta tana buɗe a kan tebur. Gilashinta ya yi ta faɗi har ya zama ƙofar zauren gidanmu na can, da tsohon asabarin nan da ya yage ta gefe. Na sunkuya na shiga.

Sai kawai ga ni a tsakiyar gari da hantsi. Komai yana nan yadda yake kafin wuta. Rana tana da haske amma ba ta da zafi, kuma babu abin da ke da inuwa, har ni. Babu kaza, babu akuya, babu daka. Rumbuna ne jere a filin da ake sussuka, dukkansu an shafe su da ruwan ɗorawa. Daga cikin kowane rumbu murya tana fitowa. Na tsaya na saurara. Ga Malam Audu yana lissafa fadama da tarin nan nasa. Ga Gwaggo Hajo tana cewa kanyar nan ba ta kowa ba ce, ta masu wucewa ce. Ga Sarkin Noma yana faɗa kamar yadda ya saba, ko da babu wanda ya musa masa. Ba su san ina wurin ba. Kowa maganarsa yake yi, idan ya kai ƙarshe ya sake farawa.

Daga nan na ji ƙarar. Daga ƙarƙashin ƙasa take zuwa, ƙas, ƙas, ƙas. Na duba ƙafata, na ga gara ce, amma ba irin tamu ba. Baƙa ce kuma tana ƙyalli kamar ƙarfe. Tana cin ƙasar kanta. Rumbun da ke can ƙarshe ya karkata, ya nutse a hankali, babu ƙura. Muryar da ke ciki ta tsaya a tsakiyar kalma. Inda rumbun yake ya zama fili fari fat, kamar ba a taɓa gina komai a wurin ba.

Ban gudu ba. Na yi gudu sau ɗaya a garin nan, ya isa. Na ga buhu a hannuna, ban san inda na samo shi ba. Na hau rumbu na farko na zura hannu. Gero ne a ciki, kuma kowace ƙwaya magana take yi. Na yi ta ɗiba ina zubawa, na sauka na hau na gaba, haka har buhu ya cika. Ya yi nauyi, yana ta surutu a bayana kamar kasuwa. Na rasa inda zan ajiye shi. Na samo igiya na ɗaure shi tam a ƙafar rumbu, na yi ƙulli uku, na zauna ina haki. Na ji daɗi a raina, na ce na gama.

Habu yana zaune a kan katangar masallaci yana kaɗa ƙafa, da ƙaramin ƙarfen nan da yake kwance na'ura da shi maƙale a kunne. Habu bai taɓa zuwa garinmu ba. Na ɗaga masa hannu na nuna masa buhun. Ya nuna min ƙasa da leɓe. Garar ta riga ta iso gindin rumbun, tana hawa igiyar.

Sai kawai na ga wuƙa ta yanke igiyar, kuma ba a fili nake ba, a ɗakin Inna nake.

Inna ta rasu a sansani, shekara ɗaya bayan mun taso. A mafarkin tana da ƙarfinta, tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugune, da zanen nan baƙi mai ratsin fari. Masu shekaruna sun san yadda take yi da iri. Duk kaka takan zaɓi zangarniyoyin da suka fi kyau, ta sussuke su daban, ta kasa uku. Kashi ɗaya yana rumbu tare da abinci. Kashi ɗaya ta cakuɗa da toka ta zuba a tukunya, ta yaɓe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gado. Na uku ta ɗura a gora, ta ba wa duk wanda zai ƙetare gulbi ya kai wa ƙanenta, Kawu Isa. Babanmu yakan yi mata tsiya, ya ce gero ɗaya ya fi mai gari yawan gidaje. Kuma kafin ruwan farko ba ta yarda da iri don ta ga yana nan. Sai ta ɗebi 'yan ƙwayoyi ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta bar su kwana uku, ta buɗe ta ga ko sun tsiro. Ranar da aka ƙone gari, na rumbu ya ƙone, tukunya ɗaki ya faɗa mata. Na gora yana nan. Iyalan Kawu suna shuka shi duk shekara suna sabuntawa. Idan akwai geron garinmu a duniya yau, to wannan ne.

Haka na same ta, buhuna a gabanta, tana kasawa uku a kan faifai. Ba ta dube ni ba. Na gaishe ta. Na ce mata ai na riga na kwashe, na ɗaure shi a wuri mai kyau. Ta ci gaba da aikinta. Can ta yi magana, kuma ita ce kaɗai maganar da ta yi a duk mafarkin. Ta ce, "Idan wuta ta zo, tambayarka za ta yi wanne ne na ajiya?"

Ta miƙo min tsumma a naɗe, yana ɗigar ruwa. Na buɗe a tafin hannuna. Ƙwayoyi ne a jere, kowace ta fito da ɗan farin tsiro, kuma kowace tana magana ƙasa-ƙasa da muryar tsohon da na ɗauka. Na ƙirga. Goma. Na sake ƙirgawa da yatsa. Goma. A ƙarshen layin akwai gurbi, ɗan lotsawa a jikin tsumman daidai girman ƙwaya, amma babu komai a ciki. Na ce, Inna, ina ɗayar? A nan ne ta ɗago ta dube ni. Ba faɗa a fuskarta. Irin kallon da take min ne ina ƙarami idan na ce ban taɓa ƙuli-ƙuli ba alhali bakina yana maiƙo.

Sai kawai ga ni a gonar babanmu, a gindin tsamiya. Duk wanda ke zauren nan ya san tsamiyar, kuma ya san abin da ke tsakanina da Yaya Lawali a kanta. Kunya bakwai ne a gabas da ita. Na noma su shekaru bayan rasuwar babanmu, Yaya ya ce cikin rabonsa suke, na ce ƙarya ne. Mun yi musayar maganar da ba a yi da ɗan'uwa. Tun kafin a watse ba ma gaisawa. Ko a jana'izar Inna, shi yana wannan sahu ina wancan.

Baba Mati yana tsaye a gindin tsamiyar, da sandarsa. Shi ne ƙanen kakanmu, shi ya tsaya aka raba gonar. Ya rasu daminar bara. Bakinsa yana motsi, yana nuni da sanda gabas da yamma, amma babu murya. Na matsa kusa har ina ganin furfurar gemunsa ɗaya-ɗaya. Shiru. Na ce, Baba, ɗaga murya. Bai ji ni ba.

Na waiga na ga itatuwa suna tafiya. Kukar gidan Sarkin Noma ta tashi daga inda take ta koma bakin burtali. Suri ya ja jiki ya shiga gonar wasu. Gawon fadama ya ƙetare rafi ya tsaya. A hankali suke yi, kamar shanu masu kiwo. A bayansu mutane ne sun yi layi biyu suna fuskantar juna, kowa da fartanya a kafaɗa. Na san fuskokinsu. Ba zan faɗi suna ba, amma da yawa suna cikin zauren nan, wasu uwa ɗaya uba ɗaya. Jira suke wani ya faɗi inda iyaka take, kuma wanda ya sani bakinsa kawai ke motsi.

Ƙarar ta iso gonar. Gara ta fara hawa sandar Baba Mati. Na buɗe baki zan yi kira, sai na ji abu a kumatuna. Na taɓa da harshe. Ƙwayar gero ce. Tun farkon mafarkin tana bakina ban sani ba. Ta jiƙe, ta fara laushi, saura kaɗan ta narke. Na tofo ta a tafin hannu. Da ta sha iska sai na ji muryar Baba Mati daga cikinta, can nesa, tana yankewa tana dawowa.

Sai kawai na gan ni a bakin gulbi, ba gona, ba mutane. Gorar Inna tana hannuna, an toshe bakinta da tsumma, ƙwayar nan kuma tana dunƙule a ɗaya hannun. Kwalekwale yana nan amma gindinsa a huje yake. Ƙarar tana bayana, gaɓar da nake tsaye a kai tana zubewa. Na shiga ruwa da ƙafa. Ya kawo min gwiwa, ya kawo ƙugu, ya kawo ƙirji. Na ɗaga hannuwa biyu sama. Ban iya iyo ba, a farke ko a mafarki. Na ci gaba da takawa.

A ɗaya gaɓar ba Kawu Isa ba ne. Wani mutum ne tsaye ya ba ni baya, da shuɗiyar riga. Ban ga fuskarsa ba, amma na san ƙeyar. Na bi ƙeyar nan zuwa gona tun ina tuntuɓe da kunya. Na ce, Yaya. Bai juyo ba. Na sake cewa, Yaya, ruwa yana shiga min baki. Sai ya miƙo hannunsa ta baya, bai waiwayo ba, tafin a buɗe, yatsu a ware. Saura taku biyu tsakaninmu.

A nan na farka. Ladan yana kiran farko. Jakar kwamfuta tana ƙarƙashin kaina inda nake matashi da ita, filash yana lilo a jikin zarensa. Hannuna na dama a dunƙule yake har farce ya shiga nama. Na buɗe, babu komai.

Rabin mafarkin nan ba na bukatar mai fassara, ni na san shi. Zan faɗa a gaban kowa don kada in samu hanyar fasawa. Ranar da na ɗauki Baba Mati, ya bi gonaki ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan tamu. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa. Ya ce, "Tsamiya ce iyaka. Abin da ke gabas da ita na Lawali ne. Ubanku ya bar wa Sale ya noma ne don lokacin Lawali yana ci-rani." Na kawo muryar gida na saurara sau ɗaya. Ban goge ba, hannuna bai iya ba. Amma na cire ta daga jakar da sauran suke, na cusa ta cikin hotunan fasfo na mutane, don idan wani ya zo sauraro kada ya ci karo da ita. Makon jiya da na kwafa, jakar muryoyi na ja. Goma ne a ciki. Na manta, ko na so in manta, Allah ne Ya sani. Kuma ba maganar kunya bakwai kaɗai ke cikinta ba. Baba Mati ya fi kowa sanin gabashin gari, ya faɗi gonakin gidaje da yawa da babu wanda ya ambata sai shi. Don in ɓoye abin da ya shafe ni, na bar na mutane a cikin na'ura mai mutuwa, wuri ɗaya tak.

Yanzu haka ina zaune a ƙofar shagon Habu ina jiran ya buɗe. Ban kunna kwamfutar ba, ba kuma zan kunna ba sai yana tsaye a kaina. Na tsinke zaren. Na sayi filash biyu sababbi, suna aljihuna. Idan Allah Ya sa ta tashi, muryar Baba Mati za a fara cirewa kafin komai, ko hotunan aikina duk za su tafi. Bayan nan a haɗa goma sha ɗaya a kowane filash. Zan sa Habu ya buɗe su a tasa kwamfutar, in zauna in saurari kowane tsoho daga farko har ƙarshe, ko zai kai mu la'asar. Ɗaya zai zauna wurina. Ɗaya zan kai wa limamin unguwarmu ya sa a akwatin littattafansa. Na uku ba zai zauna a garin nan ba. Duk wanda kuma yake da wuri a wayarsa ya zo a tura masa, ba na so in sake zama ni kaɗai ke riƙe da su.

Yaya Lawali, na san kana cikin zauren nan, kana karantawa ba ka magana. Kunya bakwai naka ne. Gobe zan shiga motar farko in kawo maka na ukun da hannuna, ko ka buɗe min ƙofa ko ka bar ni a waje. Idan kwamfutar ba ta tashi ba, zan zo duk da haka, in faɗa maka da bakina abin da Baba Mati ya ce, a gaban shaidu.

Abin da na kasa ganewa biyu ne, kuma su nake roƙon masu sani su duba min. Ƙwayar da na tofo ta riga ta yi laushi, muryar tana yankewa. Wannan yana nufin tana da sauran rai ne, ko na makara? Sai kuma hannun nan da aka miƙo min ta baya, a buɗe, ba tare da an juyo ba. Na yi ta juya shi a raina tun asuba. Haka mutum ke yi idan zai karɓi abu. Haka kuma yake yi idan yana cewa tsaya nan, kada ka matso. Wanne ne na gani?